Yadda zaka yi wa ƙatuwar lamba filla-filla ko da kalkuletarka ta gaza

Ranar Asabar ɗin da ta wuce muna lesin a Angwan Rogo, sanyin nan na Jos ya sa kowa ya dunƙule cikin suwaita, sai wani ɗalibina ɗan SS2 ya miƙo min waya yana cewa "Malam duba, kalkuleta ta haukace." Wai an ba shi labarin nan na mutumin da ya roƙi sarki ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na allon dara, biyu a gida na biyu, huɗu a na uku, ana ta ninkawa har gida na 64, shi ne yaron ya ce bari ya lissafa da kansa, wayar kuma ta amsa masa da 1.8446744E19. Na ce masa ba hauka tayi ba, gurbi ne ya ƙare mata, wannan E19 ɗin tana nufin ka matsar da ɗigon gaba sau 19. Ainihin jimlar hatsin ita ce 2^64 − 1, wato biyu sau biyu sau biyu har guda 64 sannan a cire ɗaya, ga ta nan a cike:

18,446,744,073,709,551,615

Tun daga ranar yaran suka matsa min sai na rubuta musu yadda muka bi da ita a allo, toh gashi. Biro da takarda kawai kake buƙata, kuma kusan duk abinda zan yi da wannan lambar zaka iya yinsa da kowace doguwar lamba, ko ta katin waya ce ko lambar mita.

Mataki na farko: ka yanka ta uku-uku kafin komai

Daga dama ake farawa, ba daga hagu ba, ka sa waƙafi bayan kowane alƙalami uku. Namu ya bada 18 | 446 | 744 | 073 | 709 | 551 | 615. Rukuni shida masu uku-uku da ɗaya mai biyu, alƙaluma 20 kenan. Sunayen daga dama: ɗaiɗai, dubu, miliyan, biliyan, tiriliyan, kwadiriliyan, kwintiliyan. Kaga kenan kwintiliyan 18 ne da ɗoriya. Kar ka yar da sifilin nan na 073, yara da yawa nan suke faɗawa, su kwafe shi 73 sai lambar ta koma alƙaluma 19, duk aikin da zai biyo baya ya rushe.

In kana so ka ji girmanta a jikinka, ace naira ce kana ƙirga ɗaya duk daƙiƙa ba barci ba cin abinci, a shekara akwai daƙiƙa kusan miliyan 31 da rabi, sai ka share shekara sama da biliyan 584 baka gama ba.

Mataki na biyu: in ba a rubuta maka ita a cike ba, ƙiyasta tsawonta

Sau da yawa a jarabawa ba za'a baka dukkan alƙaluman ba, 2^64 kawai zaka gani. Dabarar ita ce ka haddace cewa 2^10 = 1,024, wato kusan dubu. 64 kuwa goma sau shida ne da ragowar huɗu, don haka 2^64 kusan dubu sau dubu har shida ne, sifili 18 kenan, sannan sau 2^4 wanda shine 16. 16 da sifili 18 a bayanta, alƙaluma 20. Ya yi daidai da abinda muka ƙirga, duk da ainihin ya fara da 18 ne ba 16 ba, saboda ɗan 24 ɗin nan da muka yi watsi da shi yana taruwa.

Wanda ya iya logaridim yana da gajeriyar hanya: ka ninka fawar, wato lambar da ke bayan alamar ^, da 0.30103, ka zubar da abinda ke bayan ɗigo, ka ƙara ɗaya. 64 × 0.30103 = 19.27, a zubar da .27 a ƙara ɗaya, 20. Amma fa ga wani tarko da ni kaina na faɗa ciki a gaban yara, har yau suna min tsiya. A watan Oktoba 2024 wani Ba'amurke Luke Durant, ta hanyar shirin nan na GIMPS da mutane ke haɗa kwamfutocinsu suna farauta, ya gano 2^136,279,841 − 1, wadda a lokacin ta zama lamba mafi girma da aka tabbatar babu abinda ke raba ta sai ita kanta da ɗaya. Na ce bari in burge su, na ninka 136,279,841 da 0.30103 na samu 41,024,320.5, na ƙara ɗaya na rubuta 41,024,321 da ƙarfin gwiwa. Ashe daidai shine 41,024,320. Dalili kuwa 0.30103 ɗin cikon kusa ne, ainihinsa 0.30102999566 ne, in fawar ƙarama ce bambancin baya fitowa, amma da ka ninka shi da miliyan 136 sai ya haura rabi ya tsallakar da kai. Da dogon sai ka samu 41,024,319.9, a ƙara ɗaya a zauna lafiya. Don haka in fawar ta kai miliyoyi, yi aiki da dogon.

Mataki na uku: kama ta ta wutsiya

Wannan shine mafi sauƙi, bazan daɗe a kai ba. Alƙalamin ƙarshe yana faɗa maka cika ce ko mara, mara ɗin nan dai da muke cewa dararen mara a goman ƙarshe na azumi. Namu 5 ne, mara ce, 2 baya raba ta, tunda 2 baya rabawa kuwa 4, 6, 8, 10, 12 duk ka manta dasu gaba ɗaya. Ta ƙare da 5, toh 5 na raba ta. Don 4 da 25 alƙaluma biyun ƙarshe ake dubawa, don 8 da 125 ukun ƙarshe. Namu 15 ne, 25 baya shiga 15, kenan 5 sau ɗaya tak ya shiga cikinta.

A nan ma zaka san ko sukwaya ce, wato wata lamba ce aka ninka da kanta. Duk sukwayar da ta ƙare da 5 dole ta ƙare da 25, gwada 15 × 15 = 225, 35 × 35 = 1,225. Tamu 15 ce a ƙarshe, ba sukwaya bace, an wuce wurin.

Ko baka ga lambar ba zaka iya sanin wutsiyarta. Rubuta 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256 ka kalli ƙarshensu: 2, 4, 8, 6, 2, 4, 8, 6, zagaye suke yi huɗu-huɗu kamar keken ɗinki. Raba fawar da 4 ka duba saura: saura 1 wutsiya 2, saura 2 wutsiya 4, saura 3 wutsiya 8, babu saura wutsiya 6. 64 babu saura, 6 kenan, a cire ɗaya 5. Ita ma ƙatuwar ta Durant, 136,279,841 in ka raba da 4 saura 1 (41 kawai zaka duba), wutsiya 2, a cire ɗaya, da 1 ta ƙare. Lamba mai alƙaluma miliyan 41 amma ka san ƙarshenta kafin shayinka ya huce.

Mataki na huɗu: tara alƙaluman, don 3 da 9

Kowa ya san wannan tun firamare amma kaɗan ne suka san dalili, ni kuma bana son yaro ya haddace abu kamar aku. Ɗauki takardar naira dubu ka raba wa mutum tara, kowa ya samu 111, saura naira ɗaya a hannunka. Takardar ɗari, kowa 11, saura ɗaya. Naira goma, kowa ɗaya, saura ɗaya. Kaga kowace takarda komai girmanta naira ɗaya take bari, don haka in kana da takardun dubu guda bakwai da na ɗari guda uku da na goma guda biyar, ragowar 7 + 3 + 5 ce, shine tara alƙaluman da ake ce maka kayi.

Namu, rukuni-rukuni don kar a ɓata: 18 ya bada 9, 446 ya bada 14, 744 ya bada 15, 073 ya bada 10, 709 ya bada 16, 551 ya bada 11, 615 ya bada 12. Jimla 87. 87 ÷ 3 = 29 cif, toh 3 na raba ta. 87 ÷ 9 kuwa 9 ne saura 6, 9 baya rabawa, kuma wannan 6 ɗin shine ainihin saurar da zaka samu da ka zauna ka yi doguwar rabawar. Zuwa yanzu muna da 3 da 5 a hannu, 15 kenan.

Mataki na biyar: tsuntsu uku da dutse ɗaya, 7 da 11 da 13

Wannan shine wanda nafi so, kuma ba kasafai ake koyar dashi ba. Akwai wata dabarar 7 da ake yawo da ita, wai ka ninka alƙalamin ƙarshe ka cire daga sauran, ka sake, ka sake. A kan lamba mai alƙaluma 20 wallahi wahalar banza ce, kafin ka kai rabi ka yi kuskure. Sirrin shine 7 × 11 × 13 = 1,001. Tunda dubu ta gaza 1,001 da ɗaya ne kacal, sai ya zama in ka ɗauki rukunan nan na uku-uku daga dama, kana tarawa kana cirewa bi da bi, abinda ya fito saurarsa ɗaya da ta uwar lambar a wajen 7, 11 da 13 duka.

615 − 551 = 64
64 + 709 = 773
773 − 73 = 700
700 + 744 = 1,444
1,444 − 446 = 998
998 + 18 = 1,016

Yanzu ka manta da kwintiliyan, da 1,016 zaka yi magana. 7 × 145 = 1,015, saura 1. 11 × 92 = 1,012, saura 4. 13 × 78 = 1,014, saura 2. Babu ɗaya cikinsu da ya raba ta. In a hanya abun ya faɗa ƙasa da sifili kar ka tsorata, cigaba da lissafinka, a ƙarshe in har yanzu yana ƙasa ka ƙara masa 1,001.

In kana so ka tabbatar da na 11 ta wata hanya, ɗauki alƙaluma ɗaya-bar-ɗaya daga dama: na farko, na uku, na biyar har ƙarshe sun tara 62, waɗanda aka tsallake sun tara 25, 62 − 25 = 37, a cire 33 saura 4. Ya zo ɗaya da na sama. Ni dai ina tilasta wa yarana suyi duka biyun, in amsoshin suka saɓa an san akwai inda aka kwafi lamba ba daidai ba.

Mataki na shida: tambayi asalinta

Nan ne aikin yake canza kama. In ka ce zaka cigaba da gwada 17, 19, 23, 29 ɗaya bayan ɗaya, ƙa'idar ita ce sai ka kai tushen sukwayar lambar, wato lambar da in ka ninka ta da kanta zata baka ita, kafin ka tsaya, na tamu kuwa ya haura biliyan huɗu. Ba mai wannan lokacin. Amma kamar yadda in baƙo ya zo neman aure ba tsayinsa ake aunawa ba, gidansu ake tambaya, haka lamba, in ka san yadda aka haife ta ka gama da ita.

Tamu 2^64 − 1 ce. 2^64 sukwaya ce, 2^32 sau 2^32, 1 ma sukwaya ce. Ka tuna abun nan na JSS3, a² − b² = (a − b)(a + b). Shikenan wuƙar da zamu yi ta yanka da ita:

2^64 − 1 = 4,294,967,295 × 4,294,967,297

Na hagun 2^32 − 1 ne, shi ma irin uwarsa ne, a sake yankawa: 65,535 × 65,537. 65,535 ya sake rabuwa 255 × 257. 255 ya zama 15 × 17. 15 kuma 3 × 5, gasu nan tsofaffin abokanmu na ɗazu sun fito da kansu. Cikin minti biyu mun samu 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk furaim ne, wato basa rabuwa. Na 65,537 in kana da haƙuri zaka iya tabbatarwa da hannu, tushensa 256 ne da ɗan kaɗan, furaim 54 ne ke ƙasa da nan, ka gwada su duka babu mai shiga. Wannan 65,537 ɗin ma ba baƙo bane a aljihunka, shi aka fi sakawa a makullin RSA da ke tsare hulɗa a intanet.

Saura 4,294,967,297, mai ƙarin ɗaya, shi wuƙarmu bata cinsa. Wannan yana da tarihi. Fermat, wani lauya Bafaranshe masanin lissafi, ya ga 3, 5, 17, 257, 65,537, wato 2^1, 2^2, 2^4, 2^8 da 2^16 kowanne da ƙarin ɗaya, duk furaim ne, sai a 1640 ya ce ai duk 'yan gidan haka suke har da wannan. Kusan shekara casa'in da biyu maganar na zaune, sai a 1732 wani masanin lissafi Euler ya nuna cewa 641 na raba shi. Gwada da kanka: 6,700,417 × 600 = 4,020,250,200, sau 40 = 268,016,680, sau 1 = 6,700,417, ka tara su ukun zaka ga 4,294,967,297 cif-cif. Na kan ce wa yara in Fermat zai ga misali biyar ya yanke hukunci ya zame, ku waye da zaku gwada biyu ku ce min "Malam ai kullum haka ne".

Cikakken rabon kenan:

3 × 5 × 17 × 257 × 641 × 65,537 × 6,700,417

Mataki na bakwai: lambobi nawa ke raba ta

Da ka samu wannan jerin sauran wasa ne. Furaim bakwai ne, kowanne sau ɗaya ya fito. Duk wani mai raba ta, ana haɗa shi ne ta hanyar ɗaukar wasu a bar wasu, kowanne furaim zaɓi biyu ne, ko ka ɗauka ko ka bari, kamar kana gaban mai shayi yana tambayarka madara, suga, bota. 2 sau 2 har bakwai, 128. Lambobi 128 ne kacal ke raba wannan ƙatuwar ba saura, har da 1 da ita kanta. In furaim ya fito fiye da sau ɗaya, ƙara ɗaya a kan yawan fitowarsa sannan ka ninka, misali 72 = 2 × 2 × 2 × 3 × 3, (3 + 1) × (2 + 1) = 12.

Mataki na takwas: in zaka duba a na'ura, san wace na'ura

Dan Allah kar ka kai doguwar lamba Excel ka ce zaka duba aikinka. Excel alƙaluma 15 na farko kawai yake riƙewa, sauran ya mayar dasu sifili ba sallama. Tamu in ka buga zata koma 18,446,744,073,709,500,000, ka ga wutsiyar da muka yi ta aiki da ita ta tafi. Na taɓa kai jerin wasu lambobi masu alƙaluma 16 wani shagon buga takardu a wajen Terminus, da na karɓo sai naga duk da sifili suka ƙare, yaron shagon yana rantsuwa shi daidai ya buga, kuma gaskiyarsa ne. Maganinsa ka fara sa alamar ' kafin lambar, sai ya ɗauke ta a matsayin rubutu ya barta yadda take, amma fa ba zai maka lissafi da ita daidai ba.

Abinda ke yi shine Python, wani yaren rubuta shirin kwamfuta, ko a waya akwai manhajojinsa kyauta. Rubuta 2**64 - 1 zai zubo maka ita duka, rubuta (2**64 - 1) % 641 zai ce 0, alamar % ɗin saura take bayarwa. Sauya 641 da 7 ka gani ko 1 zai baka kamar yadda muka samu. Af, ita wannan lambar tamu ita ce mafi girman cikakkiyar lamba da gurbin bit 64 na kwamfuta zai iya ɗauka, shi yasa masu harkar kwamfuta suka san ta kamar lambar wayarsu.

Aikin gida, kamar yadda na ba 'yan lesin

Tunda 64 na rabuwa shi yasa 2^64 − 1 ta yanku da sauƙi. Ƙa'ida ce, in fawar na rabuwa lambar ma dole ta rabu. Amma kar ka juya maganar, fawa ta zama furaim ba shine lambar ta zama furaim ba, 2^11 − 1 = 2,047 ne, shi kuma 23 × 89. Wani limamin kirista Bafaranshe, Mersenne, wanda ake kiran irin waɗannan lambobin da sunansa, a jerinsa na 1644 ya saka 2^67 − 1 cikin furaim. Lambar ita ce 147,573,952,589,676,412,927. A 1876 wani masanin lissafi Lucas ya nuna tana rabuwa amma bai fito da masu raba ta ba, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya tashi a wani taron masana lissafi a New York ya nuna a allo cewa ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287.

Ga abinda zaka yi. Fara da tara alƙaluma: na farkon ya bada 37, saurarsa a wajen 9 ɗaya ce, na biyun 64, shi ma saura ɗaya, ɗaya sau ɗaya ɗaya, toh dole uwar lambar ma ta bar saura ɗaya, tara nata ka gani, 109 ya kamata ka samu. Sannan wutsiya, 1 × 7 = 7, ta dace. Sannan ka cire ɗaya daga 193,707,721 ka raba da 134, wato 2 × 67, zaka ga ya shiga ba saura, domin duk furaim da ke raba irin wannan lambar mai fawa furaim, in ka cire masa ɗaya dole ninki biyun fawar ya raba shi, wannan ne ke rage wa mai nema wahala. Bayan nan sai ka samu takarda mai faɗi, ta tsakiyar littafi mai layi tafi, ka yi ninkawar da hannu layi tara, ka kula da layin nan na sifili. Cikin yarana goma sha ɗaya mutum uku ne suka kawo daidai a karon farko, biyu mata ne, ɗayan kuma shine mai kalkuletar da ta haukace.